Amsoshin Tambayoyinku: Ƙarin Tankin Ruwa a Karaban da Kare Shi Daga Jifan Tsakuwa

TAMBAYA: Ina zaune a birnin Perth na ƙasar Ostireliya tare da iyalina. Kwanan baya na sayi karaban na hannu, wato irin ɗakin nan na tafi-da-gidanka da ake ja da mota, mai tayoyi huɗu. Tankin ruwansa guda ɗaya ne, lita 82, yana maƙale a ƙarƙashin daɓe. Muna da niyyar bin hanyar Gibb River idan damina ta ɗauke a arewa, ni da maiɗakina da yara biyu. Ina so in cire wannan tanki in sa babba mai cin lita 200. Sai dai wani abokin aikina ya ce shi tsakuwa ta taɓa tsiyayar masa da ruwa tas a waccan hanya, bai ankara ba sai da suka yada zango. Shin babban tanki ɗaya ya dace? Kuma yaya zan kare shi? A farantin da ke jikin karaban ɗin an rubuta Tare 1,850, ATM 2,250. Daga mai karatunku a Perth.

AMSA: Malam, Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Ka kyauta da ka haɗo da lambobin farantin, domin su za su yanke rabin hukuncin. Shawarata dai ita ce kada ka cire tankin da ke ciki. Ka ƙara masa na biyu, kowanne da makullin ruwansa, sannan kuɗin da ka ware don kariya ka kashe mafi yawansu a kan tiyo da mahaɗai da kan famfo, domin nan ɓarnar take aukuwa.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, hanyar Gibb River tana yankin Kimberley ne a arewacin jihar Ostireliya ta Yamma, tsawonta kusan kilomita 660, daga garin Derby zuwa kusa da Kununurra da Wyndham. An gina ta a shekarun 1960 don manyan motocin da ke kwaso shanu daga gandaye. An shimfiɗa kwalta a wasu sassanta, amma har yanzu akwai dogon zango na burji da gargada da duwatsu masu kaifi. Da damina, wajen Nuwamba zuwa Afrilu, yawanci a rufe take. Akan sami ruwa a wurare irin su Imintji da Mount Barnett da wasu gandayen da ke saukar baƙi, amma tsakanin wani da wani akwai nisa, kuma mai iyali ba ya ɗora lissafinsa a kan famfon da bai gani ba.

Mu fara da nauyi, tunda shi ne abin da mai sayar da tanki bai cika tuna wa mutum ba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Abin da aka rubuta Tare shi ne nauyin karaban ɗin ranar da ya baro masana'anta, babu ɗigon ruwa a tanki, babu gas a tukunya. ATM kuwa iyaka ce da doka ta yarda ya kai, da duk abin da ke cikinsa. Tsakanin 1,850 da 2,250 kilo 400 ke nan, kuma abin da masu ƙera karaban a can suka daɗe suna bar wa mai tayoyi huɗu ke nan, mai tayoyi biyu kuma 300. To ka zuba lita 200, rabi ya tafi. Ƙarafan da za su riƙe tankin da garkuwarsa, a ce kilo 30. Tukwanen gas biyu masu cin kilo 9 kowacce, 18 ke nan. Abin da ya rage bai wuce kilo 150 da 'yan kai ba, kuma a cikinsa za a sa abinci da tufafi da tukwane da kujeru da kayan gyara na mutum huɗu. Wanda ya san yadda gidan Bahaushe ke shirin tafiya, da shinkafarsa da jarkar mansa da garin tuwonsa, ya san wannan ba za ta kai ko'ina ba.

Akwai kuma wani abin. Karaban ɗinka na hannu ne. Mai shi na farko wataƙila ya ƙara batir, ya ɗora farantin sola a rufi, ya kafa rumfa a gefe, ya liƙa akwatin kayan aiki a gaba. Duk waɗannan ba su cikin lambar da ke farantin, amma suna cin rabonsu daga kilo 400 ɗin nan. Saboda haka kafin ka sayi ko da noti ɗaya, ka loda karaban ɗin kamar gobe za ku tashi, ka cika tankin da ke ciki, ka ja shi zuwa sikelin auna motoci na jama'a. Ka auna shi shi kaɗai an kwance shi daga mota, sannan ka auna nauyin da yake ɗora wa ƙugiyar motar. Abin da ya rage tsakanin awon farkon da 2,250 shi zai faɗa maka girman tanki na biyu. Idan akwai sarari, ka ɗauki mai lita 95, jimilla 177. Idan babu, ka tsaya a mai lita 60 ko kusa da haka. Wuce iyakar ATM laifi ne da ake cin tara a kansa, kuma idan hatsari ya auku kamfanin inshora ya sami hujjar jan ƙafa. Ana iya ɗaga iyakar ta hannun injiniya mai lasisi idan shasi da tayoyi da birki za su ɗauka, amma wannan wani aiki ne da kuɗinsa daban.

Za ka ce ai 177 da 200 duk kanwar ja ce wajen nauyi. Haka ne. Fifikon tanki biyu a wani wuri yake. Daga Perth zuwa Derby tafiya ce ta sama da kilomita 2,000 a kan kwalta, da garuruwa da gidajen mai a hanya, sai ka bar ɗaya fanko har ka isa bakin burji. Idan ka sami ruwan rijiyar burtsatse da ba ka yarda da ɗanɗanonsa ba, sai ka zuba shi a ɗaya don wanka da wanke-wanke, na sha yana nan a ɗayan. Babban dalilin kuma shi ne abin da ya sami abokin aikinka: huda ɗaya a tanki ɗaya tana tafiya da ruwanka duka, a tanki biyu kuwa rabi kawai za ta ci.

Sai maganar tangaɗin ruwa. Babban tankin da aka sha rabinsa yana ɗauke da kilo 100 da ke gudu daga wannan gefe zuwa wancan a duk kwana da duk taka birki. Yarinyar da ta ɗebo ruwa a bokiti takan jefa ganye a kai don kada ya riƙa fallatsa yana rinjayar ta, haka masu ƙera tanki mai kyau suke sa shamaki a cikinsa don karya ƙarfin ruwan. Ka tambayi mai sayarwa ko nasa yana da shi. Da tanki biyu kuma kana shan ɗaya har ya ƙare alhali ɗayan yana cike maƙil, cikakken tanki kuwa ba ya tangaɗi.

Nawa ma za ku sha a rana? A zafin Kimberley ka ware wa kowane mutum lita 4 na sha, 16 ke nan. Girki da wanke kwanoni a ce 10. Alwala da tsarki na mutum huɗu da buta, a ce 12, kuma ana iya rage wannan sosai, tunda malamai sun karantar da mu cewa mudun Nabi guda, wanda bai kai lita ba, ya isa alwala. Wanka da ƙaramin bokiti da moɗa, lita 3 ko 4 kowa. Ka ga ana maganar lita 50 a yini, wato lita 177 za ta kai ku kwana uku da rabi. Abin da ke cinye ruwan karaban shi ne shawa. Ƙananan injinan tura ruwa masu aiki da batir da ake sa wa karaban sukan tura lita 10 zuwa 11 a minti, yaro ɗaya ya tsaya minti biyar a ƙarƙashinta ya shanye kason yini guda na gidan duka. Hana shawa a burji ya fi ƙarin tanki na uku amfani. Ka kuma ajiye jarkoki biyu masu lita 20 a cikin motar kanta, ba a taɓa su sai ta ɓaci, amma ka tuna ita ma motar tana da iyakar nauyinta. Kuma don Allah kada ganin kogi ya sa ka tura yaro ɗibar ruwa a bakin gaɓa. Kogin Pentecost da za ku tsallaka yana da manyan kadoji masu cin mutum.

Wurin da za a ɗaura sabon tankin shi ne kusa da aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ko a kansa ko ɗan gaba kaɗan. Lissafin mai sauƙi ne. Idan daga ƙugiya zuwa tsakiyar tayoyin mita 5 ne, tankin lita 95 da aka ɗaura mita 1 a gabansu zai ƙara wa ƙugiya kilo 19. Idan aka kai shi mita ɗaya da rabi a bayansu, zai ɗage mata kusan kilo 29. A Ostireliya an saba barin kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin karaban a kan ƙugiya, muddin bai wuce abin da motar ta yarda da shi ba. Idan ƙugiya ta yi sakayau, nauyi ya taru a baya, wutsiyar karaban takan fara kaɗawa, musamman lokacin da kuka gitta da dogayen motocin nan masu jan tirela uku ko huɗu, waɗanda tsawonsu kan kai mita 53 da rabi. Na san a bayan tayoyi ne sarari ya fi yawa, shi ya sa masu gyara suke son kai tanki can. Kada ka yarda don sauƙin aikinsu. Ban da kaɗawar, tankin da ke can baya shi ke fara dukan ƙasa idan ana fita daga kwarin rafi. Cikin tankin kuma kada ya sauko ƙasa da aksil.

Ɗaure tankin aikin mai sana'a ne. Ba a walda ko huda manyan ƙarafan shasi yadda aka ga dama, domin daga ramin da aka huda tsagewa take farawa idan gargada ta yi ta jijjiga shi. A sa maɗaurai na ƙarfe aƙalla biyu, uku sun fi, a shimfiɗa roba mai taushi tsakaninsu da jikin tankin, a yi amfani da noti mai roba a ciki wanda jijjiga ba ta kwance shi. Shi tankin da duk tiyon da ruwan sha zai bi su kasance na ruwan sha ne, masu ɗauke da shaidar ma'aunin AS/NZS 4020. Tiyon ban ruwan fulawa yana sa wa ruwa warin roba da ba ya fita.

Wajen haɗa bututu ne mutane da yawa suke rusa amfanin tanki biyu da hannunsu. Sai a jona su ta ƙasa da tiyo ɗaya don su riƙa cika tare suna sauka tare. Wannan tanki ɗaya ne mai ciki biyu, dutse ya tsinka tiyon nan duka biyun za su zube. Kowane tanki ya sami bakin cikawarsa, da siririn tiyon fitar iskarsa, da makullinsa, su haɗu a gaban injin tura ruwa kawai. Makullan su kasance a cikin ɗaki, ƙarƙashin gado ko kujera, inda dutse ba ya kaiwa. Shi tiyon iskar nan a ja shi sama ba tare da lanƙwasa ba, a sa masa 'yar raga a baki saboda ƙura da zanzaro. Idan ya toshe, kana cikawa ruwa zai dawo maka ta baki, ka ɗauka tanki ya cika alhali rabi ne.

Yanzu ga tsakuwa. Tayoyin bayan motarka, musamman masu manyan haƙora, suna tsintar duwatsu suna cilla su sama, karaban ɗin kuma ya iso da gudunsa ya tarar da su a iska. Tayoyin gaban karaban ɗin su ma suna jifan abin da ke bayansu. Don haka duk abin da ke fuskantar gaba a ƙarƙashin daɓe shi ke shan duka, awa bayan awa. Jikin tankin ba shi ne mai rauni ba. Robar da ake zuba shi da ita mai kauri ce kuma tana lotsawa ta dawo, sai dutse mai tsini sosai ne ke huda ta. Ka shimfiɗa tabarma ka kwanta a ƙarƙashin karaban ɗinka da tocila, za ka ga masu raunin da idonka. A gindin tankin akwai ɗan kan famfo na roba da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda ake tsiyaye ruwa da shi, ya leƙo waje tsirara. Kusa da shi akwai gwiwar roba inda tiyo mai faɗin milimita 12 ya fita zuwa inji. Akwai siririyar wayar da ke nuna yawan ruwa, tana lilo. Can gefe ga farin bututun da ke fitar da ruwan wanka, mai ƙarfi amma mai saurin fashewa. Dutse ɗaya ya fille wannan kan famfo, awa guda ta isa lita 82 ta bi ƙasa, direba kuma ba ya jin komai, ba ya ganin komai a madubi sai ƙura. Ina kyautata zaton abin da ya sami abokinka ke nan.

Maganin kan famfon shi ne a cire shi gaba ɗaya a ɗaura toshiya mai zare a gurbinsa, ko a mayar da shi bayan tankin inda jikin tankin zai tare masa. Idan za ka sayi sabon tanki, zaɓi wanda mafitarsa take ta baya ko ta gefe. Tiyo duka a ɗaga su a bi da su ta bayan ƙarafan shasi, kada a bar su suna reto a fili. Inda dole su ratsa sarari, a sa musu rigar soso irin ta naɗe bututu, ko dogon soson nan da yara ke wasan ninƙaya da shi a tsaga shi, a rufa da baƙin bututun ban ruwa da aka tsaga, a ɗaure duk bayan taƙi guda. Farin bututun ruwan wanka a musanya shi da tiyon roba mai lanƙwasuwa. Kana can ƙasa kuma ka yi wa wayoyin birki irin wannan gata. Rasa ruwa wahala ce, rasa birkin abin da ya haura tan biyu a gangara kuwa ya wuce wahala.

Garkuwar tankin kanta tana da nata tarkon. Yawancin karaban suna zuwa da siririn farantin ƙarfe mai rufin zinki da aka naɗe cikin tankin da shi. Ya isa kwalta da ɗan burji. Don Gibb River, fuskar gaba ce ke bukatar ƙari: farantin alminiyam mai kaurin milimita 2 zuwa 3, ko yankin tsohon bel ɗin roba na masana'anta, wanda ni na fi so domin yana shanye duka ba ya mayar da dutsen da ƙarfi, kuma ba ya ƙara. A karkata shi yadda dutse zai doka ya nufi ƙasa. Tarkon shi ne ratar da ke tsakanin garkuwa da tanki. Ƙaramar tsakuwa ta faɗa ciki ta maƙale, gargada ta yi ta goga ta a wuri ɗaya na ɗaruruwan kilomita, sai ta ci robar ta huda. Tankin da ba shi da garkuwa ma ya fi wannan tsira. Saboda haka a cike ratar da soso mara shan ruwa, irin na shimfiɗar kwana a daji, a toshe gefuna, a bar ƙananan ramuka a ƙasa don ruwan rafi da laka su fita. Ka kuma bi kowace kusa da aka ɗaura garkuwar da ita ka tabbata babu wadda tsininta ke kallon tanki.

Rage duwatsun tun daga tushe ya fi tare su. Akwai raga mai ƙarfi da ake shimfiɗawa a kwance tsakanin bayan mota da gaban karaban, irin wadda ake sayarwa da sunan Stone Stomper, tana danne dutsen tun bai tashi ba. Akwai faffaɗan labulen roba na bayan taya, amma a bar kamar santimita 10 tsakaninsa da ƙasa bayan an yi lodi, in ba haka ba shi da kansa zai riƙa sharo tsakuwa. Shingen da ake kafawa a tsaye a gaban karaban kuwa, idan bai kalli ƙasa ba, yakan mayar da dutse ya fasa gilashin bayan motar, shi ya sa za ka ga matafiya a can sun manna kwali a gilashinsu.

Mafi arhar kariya tana ƙarƙashin ƙafarka ta dama. Ƙarfin dukan dutse yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: daga kilomita 60 a awa zuwa 80, dukan ya kusa ninkawa. Ka rage iskar tayoyin mota da na karaban da kamar kashi ɗaya cikin huɗu idan kun hau burji, hakan na sassauta jijjigar da ke kwance noti, ka riƙe injin buga iska don mayarwa idan kun dawo kwalta. Babbar mota ta tunkaro, ka sauka gefe ka tsaya har ƙurarta ta lafa.

Idan duk da haka an sami huda, ka sani gam da silikon ba sa kama irin wannan roba, sai dai a yi mata walda da zafi da 'yar uwarta. Na wucin gadi, ƙaramar huda takan toshu da kusa mai zare da aka sa wa washar roba. Ka riƙe mahaɗan tiyo biyu ko uku, da toshiya, da mita biyu na tiyo, da kilif, da farin zaren naɗe bakin famfo. Duka ba su cika ledar hannu ba.

Kafin babbar tafiyar, ka ɗauraye sabon tankin sau biyu ko uku da maganin wanke tanki, ka cika duka biyun, ka koma sikeli. Sannan ka fesa wa ƙarƙashin karaban ɗin fenti mai arha, garkuwa da tiyo da ƙarafa duka, ka fita bayan garin Perth ka nemi hanyar burji ka yi kamar kilomita 50 a irin gudun da za ka yi a can. Da ka dawo ka sake shiga ƙasa da tocila da sifana. Ka ɗaure duk notin da ya saki, ka shafa kowace mahaɗa ka ji ko da danshi, inda ka ga fentin ya ɓantale kuma nan za ka ƙara roba.